Sakatariyar asusu: yadda alƙalami ya shiga ƙungiyoyin matan karkara

Da kwamitin bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya ɗora mana aikin tattara tarihi domin wannan fitowa, kabad ɗin ofis muka fara dosa. Abin da muka samu bai taka kara ya karya ba: littafin taro guda wanda gara ta ci rabinsa, rasitai cikin leda, da jerin sunayen mambobi da ba kwanan wata a kansa. Shekarun da aka rufe iyaka, lokacin da muka fi yawan zama da kai-komo, su ne ba mu da ko layi ɗaya a kansu. Ana cikin haka ɗaya daga cikinmu ya je ɗaukar man gyaɗa a wani ƙauye tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, ya tarar da matan da ke tatsar man suna taron asusu. Sakatariyarsu ta buɗe kaye, wato littafin rubutu, ta tambayi nawa aka bari cikin akwati makon jiya. Mata suka faɗa baki ɗaya, ta duba, ta ce haka ne. Tsofaffin kayen da suka cika suna nan ɗaure cikin tsumma a ɗakin shugaba, ba wanda ya ɓata. Shi ya sa muka ba da wannan shafi ga tarihin aikin irin wannan mata, tunda man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awakin da muke ƙetarewa da su, da yawa da jarin akwatinta ake samar da su.

Iyayenmu mata sun daɗe suna adashi, kuma adashi bai taɓa buƙatar sakatariya ba. Uwar adashi ta san mai zubi da mai kwasa, kuɗi ba ya kwana. Muƙamin sakatariya ya iso ƙauye ne tare da ƙungiyoyin da hukuma ta kafa. A Nijar, tun zamanin Diori Hamani akwai ma'aikatan wayar da kan mutanen karkara, har da ɓangaren mata, sannan a 1975, zamanin Seyni Kountché, aka kafa ƙungiyar matan Nijar ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta yi rassa har ƙauyuka. A Najeriya kuma Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, aka yi ta rajistar ƙungiyoyin gama kai. Sakatariyar wancan lokaci sama take kallo. Aikinta ta rubuta sunaye da rahoto, da Faransanci ko Ingilishi, domin wani jami'i a birni. Waɗanda suka girma a ƙauye cikinmu za su tuna cewa sau da yawa ma ba mace ba ce: malamin makaranta ne ko wani ɗan boko ake roƙo ya rubuta wa mata, su kuma su dangwala yatsa a kan abin da ba su iya karantawa.

Abin da ya sauya wannan ya faro ne a 1991 a jihar Maraɗi, lokacin da ƙungiyar CARE, ta hannun wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes, ta fara shirin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ƙauyen Kagadama na cikin wuraren da aka fara. Ba a kawo wa matan jari daga waje ba. Mata kimanin talatin ke haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai, a ba masu buƙata rance na ɗan gajeren lokaci, su mayar da ɗan ƙari, sannan a ƙarshen zango a fasa asusu a raba. Akwatin na ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, mai ajiyar akwatin kuma ba ta da ko ɗaya. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai masu ƙidaya, akwai sakatariya.

Abin da zai ba ɗan kasuwa mamaki shi ne yawancin ƙungiyoyin farko ba su riƙe littafi ba. An samu sakatariya kafin a samu alƙalami. Mata kaɗan ne suka yi boko, kuma an gane cewa in aka jingina lissafi ga takarda, an miƙa ƙungiyar ke nan ga mutum ɗaya ko biyu da suka iya karatu. Sai aka tsara komai yadda kai zai iya ɗauka. Zubi iri ɗaya ne ga kowa, don haka abin da ya kamata ya shiga akwati a mako sananne ne. Ba a buɗe akwati sai a gaban taro. Sakatariya ta kira suna, mai suna ta taso ta ajiye kuɗinta a faranti a tsakiyar tabarma, masu ƙidaya su ƙirga da ƙarfi. Mai karɓar rance a gaban kowa take karɓa, a faɗi adadi da ranar biya. Kafin a watse a sanar da abin da ya rage, kowa ta tafi da shi a ka. Daga baya, a 2005, da Oxfam da abokan aikinta suka fara irin wannan shiri a Mali, sun ƙara wata dubara: kowace mace ta riƙe nata lissafin da na wadda ke zaune kusa da ita. Mu da muke ba da kaya na miliyoyi a kan kalma tsakanin Kano da Maraɗi bai kamata mu raina wannan ba. Bambancin dai shi ne mu shaidunmu biyu ne ko uku, su kuwa talatin.

Kai yana da iyaka. Da jari ya ƙaru, wata ta so ta zuba ninki biyu, wata ta nemi rancen wata uku don ta yi kiwo, lissafin ya fi ƙarfin hadda. Tsarin da ya bazu daga Maraɗi zuwa sauran ƙasashen Afirka, har ya dawo ƙauyukan Katsina da Jigawa, ya zo da ɗan littafi ga kowace mamba. Ana sayen hannun jari daga ɗaya zuwa biyar a kowane zama, sakatariya ta buga hatimi ɗaya a kan kowane hannu. Wadda ba ta iya karatu ba tana iya ƙirga hatimi. Wannan, a ganinmu, ita ce dubara mafi kyau a duk tarihin, domin ta shigo da takarda ba tare da ta rufe wa kowa ido ba.

A nan ne aikin ya zama na fassara, kuma ba wanda ya san wahalarsa kamar mu. Mata da dala suke magana, dala ɗaya sefa biyar. Mace ta ce ta zuba dala ɗari, sakatariya ta rubuta 500. Ta ce a ba ta rancen jika goma, a rubuta 10.000. Duk wanda ya taɓa aika yaro daga Kano ya yi ciniki a kasuwar Maraɗi ya san yadda wannan ninki biyar ke jefa mutum rami, balle a tsallaken iyaka jaka naira 200 ce. Sakatariya tana yin wannan juyi sau talatin a zama guda, yara na kuka, ana jiran ta a gida. Sannan kayenta kuɗi ɗaya ya sani. Matar da ta karɓi rance da sefa ta kai ƙuli-ƙuli Jibiya ta sayar da naira, in canji ya juya mata baya kafin ranar biya, littafi ba ruwansa. A ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ƙungiyoyin na da shekara uku kacal. Adadin da ke cikin akwati bai motsa ba, amma abin da zai saya a kasuwannin iyaka ya ragu, kuma sakatariya ce ke tsaye gaban mata tana faɗin adadin.

Takardun waje sun zo daga baya, su ne suka fi cin lokaci. Ƙungiyoyin ƙauyuka suka fara haɗuwa suna kafa gamayya, gamayya kuma ba ta buɗe asusun banki ko karɓar tallafi sai da takardar amincewar hukuma. Ana buƙatar dokokin ƙungiya a rubuce, da rahoton taron da aka zaɓi shugabanni, da jerin sunaye. An yi taron da Hausa a gindin bishiya, takardar kuwa Faransanci ake so. Sakatariya ce ke hawa mota ranar kasuwa ta je ofishin magajin gari, a ce ta dawo jibi. Inda aka kafa rumbun tsimi, musamman bayan yunwar 2005 da ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, sai ta ƙara littafi na biyu: buhu nawa ya shiga da kaka, tiya nawa aka ba wance da bazara, yaushe za ta mayar. Hatsi kuma ba kamar kuɗi ba ne, yana raguwa a rumbu, kuma sai an yi bayanin ragin.

Wannan zirga-zirga ta haifar da abin da ba a shirya ba. A 2000 Nijar ta yi dokar da ta ware wa mata kaso a muƙaman zaɓe, a watan Yulin 2004 kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Jam'iyyu suka shiga neman matan da za su sa a jerin 'yan takara, matan da suka saba magana a taro kuma suka san ƙofar ofis. A ƙungiyoyin asusu aka same su, kuma an zaɓi mata da dama daga cikin Mata Masu Dubara a matsayin kansiloli.

Kada mu yi wa tarihin kwalliya. Alƙalami ya zo da haɗarinsa. Inda mata suka saki jiki suka daina hadda don akwai mai rubutu, an ga rancen da ya shiga littafi ba a gaban taro ba, an ga ƙungiyar da ta watse ranar rabo saboda abin da ke takarda bai yi daidai da abin da ke akwati ba. Wani lokaci ba cuta ba ce, sifili ɗaya ne ya ɓace. Ƙungiyoyin da suka daɗe su ne waɗanda suka riƙe tsohuwar ƙa'ida tare da sabuwa: littattafan mambobi cikin akwati suke kwana a bayan kwaɗo uku, kuma a farkon zama mata ne ke fara faɗin abin da aka bari kafin sakatariya ta duba. Ita kanta wannan kariya ce gare ta, domin ita ce ake fara zargi. Albashi kuwa babu. In ta yi aure wani gari, ko mijinta ya hana, ƙungiya ta koma neman yarinyar da ta yi aji shida.

Shekarun baya-bayan nan mun sha su tare. A farkon 2023, da aka sauya fasalin manyan takardun naira aka sa wa'adi, ƙungiyoyin da ke ɓangaren Najeriya sun wayi gari da akwati cike da tsofaffin kuɗi, banki kuma na nesa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Manyan motocinmu sun tsaya, mun yi ta kuka a rediyo. Su ma man da suka tatsa ya zauna a jarka, rance kuwa ranarsa ba ta jira.

Abokin namu ya ce da aka tashi taro ya roƙi sakatariyar ta nuna masa shafukan waɗannan watanni. Ta ce, "Alhaji, sai shugaba ta yarda." Shugaba ta yarda. Zubin ya ragu, akwai makonnin da aka ɗage biya da yardar taro, an rubuta dalili. A bayan kayen akwai wani shafi daban, na 'yan kasuwar da suka ɗauki mai bashi kafin a rufe iyaka, kowa da yawan jarkarsa da ranar da ya ɗauka. An ja layi a kan waɗanda suka biya. Cikin waɗanda ba a ja wa layi ba, ya gane sunaye biyu da ke cikin jerin mambobinmu.