Ruwan Arlit da rijiyar garinmu

Ya kai mai karatu, yau za mu yi tafiya zuwa arewa, mu wuce Tawa, mu wuce Agadas, har mu kai Arlit. Daga Agadas zuwa can akwai kamar kilomita 240. Wataƙila kana da wani ɗan'uwa da ya taɓa zuwa ci-rani a wurin. Amma ka san labarin ruwan da ya sha?

A shekarar 1957 Faransawa masu binciken ƙasa suka gano ƙarfen uraniyom a Azelik, cikin ƙasar Agadas. Da shi ake yin wutar lantarki a Turai. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, ya fara fitar da ƙarfe a Arlit a 1971. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, wanda ya fara aiki a Akuta a 1978. Ramin COMINAK ya nutsa ƙasa kamar mita 250. Nan da nan gari ya tashi a tsakiyar hamada, mutane suka zo daga ko'ina neman abinci.

To, ina ruwa? A Arlit ruwan sama bai kai milimita 100 a shekara ba. Sai aka gina rijiyoyi masu zurfi, aka tarar da ruwa kwance cikin dutse mai kama da yashi. Babban gidan wannan ruwa ana ce da shi Tarat. Tsohon ruwa ne, ya taru tun shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da hamada take da tabkuna da ciyawa. Rijiyar fadamarmu tana ja da baya da rani, damina ta zo ta cika ta. Ruwan Tarat ba haka yake ba. Kamar rumbu ne da kakanni suka cika, ana ɗiba, abin da ake zubawa kaɗan ne.

Aikin ma'adini yana taɓa ruwan ƙasa ta hanya uku. Ta farko, in rami ya kai ga ruwa, tilas a janye ruwan da injin dare da rana, don ma'aikata su sami wurin aiki. Ta biyu, ana niƙa dutse, a jiƙa shi da ruwa da asid don a fid da ƙarfen. Ta uku, dusar dutsen da ta rage ana tara ta waje kamar tudu, kuma gubar ba ta fita daga cikinta ba. Ruwa yana iya ratsa ta, ya gangara ƙasa. Gubar uraniyom ba ta da launi, ba ta da wari. In ta daɗe tana shiga jiki, tana lalata ƙoda.

Shekaru fiye da 30 ana aiki, awon ruwa yana hannun kamfanonin da kansu. Sai ƴan garin suka kafa wata ƙungiya mai suna Aghirin'man, suka nemi masana daga waje. A 2003 masu awo na CRIIRAD suka zo daga Faransa. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta ɗebi ruwa a wuri biyar. Rahotonta na 2010 ya ce huɗu daga ciki uraniyom ɗinsu ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka. Ya kuma ce a shekara 40 ma'adinan sun sha ruwa lita miliyar 270. Kamfanin Areva, wanda yake riƙe da ma'adinan a lokacin, ya yi gardama, ya ce ruwan da ake ba jama'a bai saɓa ƙa'ida ba. Duk da haka an rufe waɗansu rijiyoyi.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya daina aiki. Ƙarfe ya tafi, amma an bar dusar dutse kamar tan miliyan 20 a bakin gari. Aikin rufe ta da kula da ruwan da ke ƙarƙashinta na shekaru ne masu yawa.

Kada ka ce Arlit nesa ne. A shekarar 2021 aka ga zinariya a Ɗan Isa, cikin jahar Maraɗi, mutane suka yi ca a wurin. Masu wanke zinariya sukan yi aiki da zaiba da wata guba mai suna siyanur. In sun zubar da ruwan wankin a ƙasa, ina zai tafi? Rijiyoyinmu na kudu ba su da zurfi irin na Arlit. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da tarihin Arlit ya koya mana. Wanda bai auna ruwansa tun da farko ba, ba shi da shaida ranar gardama. Tunda yanzu ka iya rubutu, ka sami littafi ɗaya na rijiyar garinku. Kowane wata ka auna igiyar guga, ka rubuta gaba nawa ne zuwa ruwa, ka sa kwanan wata. In aka zo gina ma'adini kusa da ku, ku je da mai gari wurin ma'aikatan ruwa, ku nemi a auna ruwanku kafin a sa diga a ƙasa, a ba ku takardar awon ku adana. Ku nemi a riƙa sake awon kowace shekara, kuma a ajiye wurin wanke dutse nesa da rijiya da fadama.

Sai wani jiƙon, Allah ya ba mu damina mai albarka.