Maganin Taɓin Hankali da Wuyar Dawwama a Kansa: Misali daga Ƙasar Gwandu

A da can, idan mutum ya sami taɓin hankali a garuruwan ƙasar Gwandu, irin su Dalijan, danginsa su ke ɗauke da nauyinsa. Su kan kai shi wurin malami a yi masa tofi da rubutun sha, ko wurin boka, ko 'yan bori. Wanda ya gagara kuwa sai a sa masa mari. Zuwan Turawa bai sauya wannan hali sosai ba, gama Dokar Mahaukata ta 1916 tsare mutum ta sa gaba, ba warkar da shi ba, har a kan ajiye marasa lafiya a kurkuku.

A 1952 ne likitoci biyu a Faris, watau Delay da Deniker, suka nuna amfanin maganin nan da aka sani da suna Largactil. Ba ya tumɓuke cutar daga tushe, sai dai ya kwantar da ita muddin ana shansa. A 1954 kuma Dokta Lambo ya kafa tsarinsa a Aro, kusa da Abeokuta, inda majiyyaci ya kan sauka a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana.

To, samun magani bai kashe maganar ba. Wani ba ya dacewa da na farko, sai an yi ta gwadawa. Wani kuwa maganin ya kan sa masa rawar jiki, da sanƙarewar gaɓoɓi, da yawan barci, abin da manomi ba ya iya jurewa da damina. Sa'an nan ga nisa: daga Dalijan zuwa asibitin Kware, arewa da Sakkwato, tafiya ce mai cin kuɗi. Da an ga sauƙi sai a ce ya warke, a daina, ciwo kuma ya komo. Domin haka aka fito da allura mai daɗewa a jiki, wadda a kan yi bayan mako biyu zuwa huɗu.

A 2023 aka sa hannu a sabuwar doka mai kare haƙƙin majiyyata. Amma har wa yau, a gari kamar Dalijan, wanda ya ke tuna wa majiyyaci ƙwayarsa kullum, ya kuma raka shi asibiti ranar allura, shi ne ɗan'uwan nan da Lambo ya ƙi rabawa da shi.