Gidan mari da ƙwaƙwalwa: Me ke faruwa a jikin mai shan kodin?

A watan Oktoban 2019 'yan sandan Jihar Katsina suka kai samame wani gidan mari da ke Daura, suka fito da mutum 67, da yawansu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an fasa irinsa a Rigasa ta Kaduna, inda aka kuɓutar da fiye da 300. Galibin waɗanda ake tsarewa a irin waɗannan gidaje iyayensu ne ke kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko kangara ko taɓin hankali, bisa imanin cewa matsalar ta tarbiyya ce kawai, ɗauri da bulala za su gyara ta. Binciken ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin halittar gado ya nuna cewa lamarin ya wuce haka.

Mu fara da hanta. Kodin, wanda ke cikin wasu magungunan tari, ba shi da ƙarfi sosai a karan kansa. Sai ya isa hanta wani sinadari mai suna CYP2D6 ya mayar da wani ɓangarensa mofin, sannan yake bugarwa. Tiramadol ma ta wannan hanyar yake bi. Yawan aikin sinadarin kuwa gado ne. Wani hantarsa kusan ba ta sarrafa kodin, ya sha bai ji komai ba. Wani kuma ya gaji kwafin ƙwayar halittar fiye da yadda aka saba, hantarsa na fitar da mofin da sauri, har numfashi ya iya tsayawa. Wani bincike na shekarun 1990 ya sami wannan yanayi a kusan kashi 29 cikin 100 na Habashawan da aka gwada. Saboda irin wannan haɗari ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017. Ke nan abokai biyu na iya raba kwalba ɗaya, ɗaya ya tashi lafiya, ɗaya a kwashe shi ranga-ranga.

A ƙwaƙwalwa kuma, mofin na sa a saki sinadarin dofamin a sashen da ke koya wa mutum maimaita abin da ya yi masa daɗi, kamar cin abinci bayan yunwa. Idan aka yawaita sha, ƙwaƙwalwa na rage karɓar saƙon, sai kwalba ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma uku. A wannan matakin mai sha ya daina neman jin daɗi. Gudun ciwo yake yi. Ranar da bai samu ba sai gumi, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci, da tashin hankali su taso masa. Ga kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki da auna sakamako, wanda ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa wanda ya fara yana ɗan sakandare ya fi saurin kamuwa.

Nazarin tagwaye ya kiyasta cewa gado na ɗauke da kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na bambancin haɗarin kamuwa tsakanin mutane. Kada a karanta wannan adadi a matsayin ƙaddara, domin babu wata ƙwayar halitta guda ta shaye-shaye, kuma wanda bai taɓa cin karo da kodin ba ba zai kamu da shi ba. A nan siyasa ke shigowa. A 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shan kwalabe miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, amma sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a 2019 ta ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda.

Mari na iya raba mutum da kwalba na watanni, amma ba ya goge abin da ƙwaƙwalwa ta koya, kuma tsoro da azaba na cikin abubuwan da ke tayar da sha'awar komawa. Mafi muni, juriyar jiki na raguwa a lokacin tsarewa, don haka adadin da mutum ya saba sha a da na iya kashe shi ranar da ya fito. Magani na asibiti ya ƙunshi sassauta ciwon dainawa da magunguna, da tattaunawa da ƙwararru, da bibiya ta tsawon lokaci. Akwai kuma allurar naloson mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi.

A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Sai dai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa da aka fi sani a shiyyar, wato na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano, duk tafiya ce da kuɗin mota ga uban da ke wani ƙauye a Baure ko Sandamu, alhali mai gidan mari na kusa, kuma ya san shi.