Shekarar 999: Bagauda da Duniyar Zamaninsa

Duk wanda ya taso a ƙasar Bebeji ya san sunan Bagauda tun bai san tarihi ba, saboda tafkin nan da aka yi zamanin Gwamna Audu Baƙo. A makaranta kuma aka haddace mana cewa Bagauda ɗan Bawo ya ci sarautar Kano a 999. To, me duniya ke ciki a wannan shekara, kuma wa ya gaya mana ita ce shekarar?

Mu fara da gabas. A ƙarshen 999, wadda ta yi daidai da 389 ta Hijira, Turkawan Karahani suka shiga Bukhara, ƙasar Imamu Bukhari, suka kawar da daular Samaniyawa. A cikin birnin akwai wani saurayi ɗan kimanin shekara 19 wanda ya riga ya yi suna a likitanci, har aka buɗe masa ɗakin littattafan sarki. Shi ne Ibn Sina, kuma bayan faɗuwar iyayen gidansa ya shiga yawon garuruwa. A shekarar ce kuma Halifa Alƙadir na Bagadaza ya amince da sarautar Mahmud na Gazna.

A Misira, Alhakim na Faɗimiyawa ne a kan gado, yaro ɗan shekara 14, masallacin Azhar kuwa bai cika shekara 30 ba. A Andalus, waziri Almansur ya riƙe ragamar Ƙurɗuba, inda Ibn Hazm yake ɗan shekara biyar. A birnin Rum, cikin Afrilu, aka naɗa wani Bafaranshe mai suna Gerbert ya zama Paparoma Sylvester II. Mutum ne da ya koyi lissafi a arewacin Sifen, ya kuma koyar da ƙirga da alƙaluman da Larabawa suka kai Turai.

Duk waɗannan mun san su ne domin mutanen zamanin sun rubuta, sun sa kwanan wata. Bagauda bai sami wannan gata ba. Littafin Tarihin Kano, wanda ya ce ya zauna a Sheme ya yi shekara 66 yana sarauta, masana da yawa suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi, kuma tsawon mulkin kowane sarki kawai ya kawo. Da H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, sai ya yi ta ɗebe shekarun sarakuna yana komawa baya har ya tsaya a 389. Shekara 66 ta wata ita ce 64 ta rana, shi ya sa ake rubuta 999 zuwa 1063. Ashe shekarar da muka haddace lissafi ne, kuma in maroƙi ɗaya ya ƙara wa sarki ɗaya goma, duk ginin ya gusa.

Wannan bai rage wa Kano daraja ba. Binciken da aka yi a Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato Bagauda ya tarar da mutane da sana'arsu. Abin da aka rasa shi ne mai alƙalami.

Nan ne maganar ta dawo kanmu, marubutan Badafi. Akwai tsofaffin da suka ga ruwan Tiga ya cinye gonaki da gidaje kafin a gama madatsar a 1974. Akwai masu labarin kuzar Riruwai, da na kafuwar Kiru da Tudun Wada. Kullum raguwa suke yi. Mu je mu zauna da su, mu rubuta sunan gari da na mai gari, mu sa shekara a kan takarda, kada jikokinmu su koma ƙirga da baya kamar Palmer. Allah Ya ba mu iko.