Cotton Club: Gidan da Baƙaƙen Fata Ke Kiɗa, Fararen Fata Ke Cin Abinci

A ƙarshen shekarun 1920, attajirin birnin New York da ke son ya burge baƙonsa yakan kai shi kallon wasa a Broadway, in an tashi kuma su zarce unguwar Harlem cin abincin dare. A mahaɗar titin Lenox da titi na 142 akwai wani gida a saman bene mai ɗaukar mutum kusan 700, sunansa Cotton Club. A nan ake jera wa baƙi soyayyen kaji, naman sa da girke-girken Sin, makaɗa na kiɗa, 'yan rawa na juyawa har dare ya raba.

Asalin gidan na baƙar fata ne. Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi, shi ya buɗe shi a 1920 da sunan Club Deluxe. A 1923 wani ƙasurgumin ɗan daba mai suna Owney Madden ya karɓe shi, ya sauya masa suna. A lokacin dokar Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, shi kuwa Madden yana neman wurin da zai riƙa sayar da tasa a ɓoye. An rufe gidan na ɗan lokaci a 1925 saboda karya dokar, ba a daɗe ba aka sake buɗewa.

Abin da ya sa tarihin gidan ke ci wa mutane rai har yau shi ne dokar ƙofarsa. A lokacin Harlem ce cibiyar baƙaƙen fatan Amurka, waɗanda suka baro jihohin kudu saboda wariya da talauci. Amma a tsakiyar unguwarsu, ba a barinsu su zauna a tebur. Makaɗa, mawaƙa da masu kai abinci baƙaƙe ne, masu ci da sha kuwa farare. An ƙawata zauren da siffar gonakin auduga na zamanin bauta da zanen dazuzzuka, domin baƙi su ji kamar sun leƙa wata duniyar da ba tasu ba. Ko 'yan matan rawa sai dogaye masu hasken fata, 'yan ƙasa da shekara 21, ake ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A cikin wannan ƙunci ne Duke Ellington ya shigo da ƙungiyar makaɗansa a watan Disamba na 1927. Masu gidan sun so kiɗan da zai dace da zanen dajin da ke bango. Ellington ya ɗauki wannan buƙata ta raini ya mai da ita makaranta: kowane sabon wasa na buƙatar sabon kiɗa, na rawa daban, na rakiyar mawaƙi daban. Cikin shekarun da ya yi a wurin har zuwa 1931, ya koyi tsara sauti gwargwadon muryar kakakin kowane makaɗinsa, salon da ya ɗaga kiɗan jazz zuwa wani matsayi sabo.

Rediyo ne ya karya abin da mai gadin ƙofa ya tsare. Ana watsa kiɗan kai tsaye daga zauren zuwa sassan ƙasar, don haka iyalan da ba su isa su taka benen ba suna jin 'ya'yansu a cikin ɗakunansu. Cab Calloway ya gaji Ellington a 1931. A 1933 Ethel Waters ta rera "Stormy Weather" a dandalin, a shekarar ce kuma Lena Horne ta shiga sahun 'yan rawa tana da shekara 16.

Ba dole ce ta sa aka yi wariyar ba. A lokacin, a kan wannan titi na Lenox, ɗan taku kaɗan, akwai zauren rawa na Savoy da aka buɗe a 1926, inda fari da baƙi ke rawa tare, kuma kullum a cike yake.

Tarzomar da ta ɓarke a Harlem a 1935 ta tsorata attajiran da ke zuwa. A 1936 aka mai da gidan zuwa Broadway, kusa da titi na 48, a 1940 kuma aka rufe shi baki ɗaya. Ellington ya ci gaba da kiɗa har rasuwarsa a 1974, bayan an ba shi lambar girmamawa mafi girma ta farar hula a fadar White House a 1969. Idan ana yabon Cotton Club, makaɗan da suka yi aiki a cikinsa ne suka cancanci yabon, domin su suka fitar da fasaha daga wurin da aka gina a kan ƙasƙantar da su.