Gidan haya ga ɗan biɗa: a wane gari ya kamata mutum ya sa kuɗinsa?

Akwai tambayar da ta yawaita cikin saƙonnin murya da ƴan'uwanmu na Abijan, Legas, Kwatano, Libiya da Faransa ke aiko mana ta WhatsApp: "Na ɗan tara wani abu, ina son in yi gidan haya. A ina ya fi?" Wani ya ce Konni, wani ya ce Yamai, wani kuma ya ce gara can inda yake zaune tunda idonsa na kai. Mun tattara bayanin wuri guda, don wanda ke waje ya karanta, na gida kuma da za a ɗora wa amanar ya san abin da ke kansa.

Tambayar farko: wa zai shiga gidan?

Gidan haya ba gidan zama ba ne. Wanda ya gina ɗaki huɗu a Bazaga don iyalinsa ya yi abin kirki, amma kar ya jira kuɗin haya, domin a ƙauye kusan kowa yana zaune gidan gado ne. Masu haya ƴan kaɗan ne: malamin lakwal, ma'aikacin likita, wani lokaci ma'aikacin gona. Ranar da anka canza musu wurin aiki, ɗaki ya koma wurin ajiyar gero.

Haya tana tafiya ne inda baƙi ke zama suna da abin biya duk wata: ma'aikatan gwamnati, ɗalibai, direbobi, ƴan kasuwa. Kafin ka tambayi kuɗin fili, tambayi wane ne ke shigowa garin, kuma me ke kawo shi.

Garuruwan da ke kusa da mu

Birnin Konni. Ƙidayar 2012 ta ba garin mutum wajen 63,000, kuma ya ƙaru sosai tun lokacin. Yana bisa babbar hanya RN1, kilomita wajen 420 daga Yamai, ga Illelar Najeriya a bakin ƙofa. Ƴan duwan, jandarma, masu fiton kaya, direbobin kamiyo da manoman fadamar noman rani mai fiye da hekta 2,000, duk masu neman wurin kwana ne ko wurin ajiya. A nan shago da mangaza sukan fi ɗakin kwana kawo kuɗi. Sai dai arzikin Konni a ɗaure yake da iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Duk wanda ke garin ya ga yadda ciniki ya kwanta, kuma ɗan haya da bai yi ciniki ba ba ya biya.

Malbaza da Galmi. Malbaza ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ga ma'aikatan gwamnati, ga kamfanin siminti. Galmi kuma tana da babban asibitin da ake zuwa daga nesa, da kasuwar albasa. Masu jinya da ƴan rakiya suna neman ɗaki na kwanaki ko makonni, ƴan albasa suna neman wurin ajiya bayan girbi. Kasuwa ce ƙarama, mai lokaci: wata tana cika, wata tana yin shiru.

Illela ta Nijar da Badagishiri. Illela gari ne na ma'aikata, Badagishiri gari ne na kasuwa bisa hanyar Tahoua. Fili bai kai na Konni tsada ba, amma kuɗin hayar ma haka yake, kuma masu nema ba su da yawa.

Tahoua. Babban birnin jiha, mutum wajen 117,000 a ƙidayar 2012. Ofisoshin jiha, sojoji, da Jami'ar Djibo Hamani. Ƙananan ɗakuna kusa da jami'a ko ciki da falo na ma'aikaci ba su cika zama banza ba. Amma a tuna cewa ƴan biɗar Adar da yawa can suke zuba kuɗinsu, don haka masu gida ma suna da yawa.

Maraɗi da Yamai. Maraɗi tana da mutum wajen 267,000 a 2012, Yamai ta haura miliyan 1. A Yamai ne haya ta fi tsada, nan ne kuma fili ya fi tsada, rikicin takardu ya fi yawa. Babban gida irin wanda ake ba ƙungiyoyin waje da ofisoshin jakadanci yana kawo kuɗi masu kauri, amma masu shigarsa ƙalilan ne, kuma siyasa na iya kwashe su cikin wata guda. Ciki da falo na malamin makaranta bai da wannan haɗari.

Saye a ƙasar da kake zaune

Amfaninsa a fili yake: kai ke karɓar kuɗinka da hannunka. Amma kowace ƙasa da dokarta kan baƙo.

A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu shi ne takardar izinin zama, wadda ake ce wa C of O, galibi ta shekara 99, kuma sayarwa na buƙatar amincewar gwamna. A Gana, tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa har abada, sai dai hayar da ba ta wuce shekara 50 ba. A Kodibuwa, dokar 1998 ta keɓe mallakar ƙasar karkara ga ƴan ƙasa, a cikin birni kuwa takardar da ke tsayawa ita ce ACD, ba takardar mai unguwa ba. Rusau ɗin da anka yi a unguwannin Abijan irin su Gesco da Boribana a 2024 ya nuna abin da ke samun ginin da ba shi da takarda mai ƙarfi. A can kuma doka ta taƙaita abin da mai gida zai karɓa a farko: wata biyu na gaba, wata biyu na ajiya.

Ga kuma tarihi. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita. A Janairun 1983 Najeriya ta kori baƙi fiye da miliyan 1. A 2011 yaƙin Libiya ya koro ƴan'uwanmu da yawa da kayan jikinsu kawai. Tsofaffinmu da sunka ga waɗannan lokuta suna faɗa: gida ba ya shiga buhu. Wanda ke zaune ba tare da takardar zama ba, a Libiya ne ko Aljeriya ko wani wuri, kar ya sa kuɗinsa cikin bulo a can da sunan wani.

Sefa ko naira?

Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da ke cin kasuwa da kuɗi biyu. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 daidai da sefa 655.957 tun 1999. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka ta haura 1,500 a 2024. Ɗauki misali: gida a Sakkwato da ake biya naira 600,000 a shekara. A farkon 2023 wannan ya kai dala 1,300, bayan faɗuwar bai wuce dala 400 ba. Gidan bai canza ba, ɗan haya bai ci bashi ba, amma mai gidan da ke ciyar da iyali da sefa ya yi asarar kusan kashi biyu cikin uku.

Sefa ma ba dutse ba ce: a Janairun 1994 an rage darajarta da rabi cikin dare ɗaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne hayar ta shigo da irin kuɗin da iyalinka ke kashewa.

Yadda ake lissafi

Alƙaluman nan misali ne kawai, kowa ya sa na garinsa. A ce fili miliyan 3, gini miliyan 9, jimla miliyan 12. An fitar da ciki da falo huɗu, kowane jika 20 a wata. Wata guda jika 80, shekara 960,000.

Yanzu a cire. Wata biyu da ɗakuna za su zauna banza ko a ƙi biya: 160,000. Gyaran rufi, fenti, yashe masai: 100,000. Ladan mai karɓar haya: 60,000. Haraji da ƙananan abubuwa: 80,000. Saura 560,000. Kenan sai bayan shekara 21 da ɗoriya kuɗinka zai dawo, riba ba ta kai kashi 5 cikin 100 a shekara ba.

Wannan bai nufin a fasa. Gida yana riƙe dukiya, darajar fili a gari mai girma tana hawa, ba ya mutuwa kamar dabba, kuma ba a roƙonsa kamar kuɗin hannu. Amma wanda ke son abin da zai juya da sauri, ya kwatanta da kiwo ko ajiyar albasa kafin ya yanke shawara. Kuma kar a fara ginin da ba a da kuɗin rufe shi. Kangon da ya sha damina uku asara ce. Gara ɗaki biyu da anka gama, da famfo da kwantar lantarki, da ɗaki takwas da sunka tsaya a linta.

Takardu a nan Nijar

A karkara, dokar Code rural ta 2 ga Maris 1993 ita ce tushe. Ita ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Cofo: Cofob a ƙauye ƙarƙashin maigari, Cofocom a matakin kwamin, Cofodep a matakin gunduma. Idan gona ko fili na gado za ka saya, a samu takardar shaidar mallakar gargajiya da takardar sayarwa daga wurinsu, kuma a tabbatar duk magada sun yarda, mata da maza, har da waɗanda ke biɗa. Rikici da yawa daga nan yake tasowa: ɗaya ya sayar, shida ba su sani ba.

A cikin gari, filin da anka yanka yana da acte de cession daga ma'aikatar magajin gari, ɗauke da lambar rukuni da lambar fili. Kar a tsaya ga hoton takarda da dillali ya turo a waya. Wani naka ya je da ƙafarsa ya duba rajista, ya ga sunan wa ke ciki, sannan mai awo ya nuna duwatsun iyaka. Bayan saye a canza suna nan take. Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titre foncier daga ofishin filaye na ma'aikatar haraji, kuma akwai hanyarta mai sauƙi da ake kira Sheda. Da ita banki ke yarda ya ba da bashi. Kafin a aza tubali kuma a nemi izinin gini.

Ruwa da tsaro

Daminar 2024 ta rusa gidaje dubbai a ƙasar nan, ta shafi mutum fiye da miliyan 1, har anka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, gwamnati kuma ta rage kuɗin siminti. Darasin shi ne: fili ana duba shi a watan Agusta, ba a watan Maris ba. Filin da ke bakin ƙorama ko cikin kwari, arhar sa tarko ce. A tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara.

Batun tsaro ma a sa shi cikin lissafi, musamman ƙauyukan bakin iyaka. Gini mai ɗaukar ido a wurin da ba jami'an tsaro yana iya jawo wa iyali abin da ba a so. Ba dole ba ne duk gari ya san nawa ka aiko.

Amana: wa zai riƙe maka?

Nan ne zumunci ya fi lalacewa. Mutum ya yi shekara biyar yana aiko kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, ana turo masa hoton gini, ya dawo ya tarar gidan ba nasa ba ne, ko takarda da sunan ƙanensa. Ko kuma ya rasu a can, marayunsa su rasa hujja. Ga abin da ke tsare kowa:

Takarda ta fito da sunanka. In ba za ka iya zuwa ba, ka ba da wakilci a rubuce ta hannun noter ko ofishin jakadancin Nijar. A aika kuɗi mataki-mataki: tushe, linta, rufi, kuma kowane mataki a nuna maka ta kiran bidiyo, ba hoto ba. Mai sayen kaya daban, mai duba aiki daban. A ajiye rasit ɗin kowane aike. A yanka wa mai kula da gidan ladansa a fili, don wanda ke aiki kyauta shi ne ke fara cewa "na ɗan taɓa". Kowane ɗan haya ya sa hannu a yarjejeniya: nawa, yaushe, wa ke biyan ruwa da wuta. Idan ɗan'uwa ne zai shiga, a faɗa tun farko ko haya ce ko kyauta. Matarka da babban ɗanka su san inda takardu suke.

Wani zai ce rubutu tsakanin wa da ƙane rashin yarda ne. A tambayi malamai: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Ku kuma na gida da anka ba amana, ku tuna kuɗin nan ba daga sama sunka faɗo ba. Wani dako ya yi a Adjame, wani turin baro a Legas, wani gadi cikin sanyin Turai.

Wanda ke da tambaya ko abin da ya faru da shi da zai amfani jama'a, ya aiko saƙon murya kamar kullum, za mu sa shi cikin shiri ba tare da faɗin suna ba. Allah ya sa albarka cikin biɗa, ya dawo da kowa gida lafiya.