Daga Titunan Glasgow Zuwa Teburin Alƙali

Ranar 17 ga Nuwamba, 1915, dubban mata da maƙeran jiragen ruwa suka yi dafifi a ƙofar kotun Glasgow da ke Scotland. A ciki ana shari'ar 'yan haya 18 da suka ƙi biyan ƙarin da masu gidaje suka ɗora musu, alhali mazan gari suna bakin daga. Matan, bisa jagorancin Mary Barbour, sun shafe watanni suna fatattakar masu zuwa fitar da kayan jama'a. Gudun kada aikin ƙera makamai ya tsaya, sai aka janye ƙarar. Kafin shekarar ta fita, majalisar Birtaniya ta haramta ƙarin haya a kan ƙananan gidaje.

Dokar 1920 ta ƙarfafa hannun alƙali: ba zai kori mai bashin haya ba sai ya gamsu cewa korar ta dace, kuma yana iya ɗage ta, ya yanka masa abin da zai riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Sai dai masu gidaje ma suna da nasu kukan, domin jinkiri asara ce gare su. Dokar 1988 ta ɗaure hannun alƙali a Ingila: idan bashin ya kai wani mizani, kora ta wajaba, sassaucin kuma ba ya wuce mako 6. Ita kuwa Scotland, a 2022 ta tabbatar wa masu shari'a ikon auna kowace ƙara. Ashe tausayin alƙali ba ya wuce iyakar da majalisa ta shata masa.